Denis Menchov: ya ci Giro, ya ci Vuelta, to me yasa ba kowa ya san shi ba?

Ƙanina, ka ce kana duba jerin waɗanda suka taɓa cin manyan tseren keke na Turai sai ka ci karo da sunan wani ɗan Rasha wai shi Denis Menchov, a wani wuri an rubuta ya ci uku a wani wurin kuma biyu, kuma kai da kake jin sunan Armstrong da Contador tun kana yaro baka taɓa jin nasa ba, shine kake tambaya shin gwani ne na gaske ko sa'a ce ta faɗo masa, in kuma gwani ne to ina sunan ya tafi. Wallahi naji daɗin tambayar nan, don mutumin nan na bi shi shekara da shekaru, kuma har yau in an ambaci sunansa sai naji wani abu a raina.

Gwani ne, wannan kam babu tantama. Daga 2005 zuwa 2010 in za'a fara tseren sati uku kuma sunansa na cikin masu shiga, to dole manajojin sauran ƙungiyoyi su zauna su yi lissafi da shi, waɗanda suke wannan matsayin a lokacin basu fi a ƙirga da yatsun hannu ba. Sai dai a harkar keke kofi daban suna daban, kuma shi Menchov duk ƙofar da suna yake shigowa ta ita sai da ta rufe masa, wasu ƙaddara ce ta rufe, wasu halinsa ne, ta ƙarshen kuma shi ya rufe ta da hannunsa.

Kafin in shiga labarin bari in gyara maka ƙasa kaɗan. Manyan tseren guda uku ne, Giro a Italiya cikin watan Mayu, Tour a Faransa a watan Yuli, sai Vuelta a Sifen wajen ƙarshen Agusta zuwa Satumba. Kowanne zango 21 ne cikin sati uku, kilomita dubu uku da ɗoriya, hutun kwana biyu kawai, kuma ba wanda ya fi cin zango ne yake lashewa ba, a'a, lokacin kowa ake tarawa kullum, wanda nasa ya fi ƙanƙanta a ranar ƙarshe shine zakara. Wuri biyu ake samun tazara, kan duwatsu, da kuma ranar tseren agogo inda ake sakin mutum shi kaɗai babu wanda zai ɓuya a bayansa ya kare masa iska. A zamanin Menchov kowace ƙungiya mutum tara take kawowa, ɗaya jagora, sauran aikinsu su tare masa iska su ɗauko masa ruwa su ja shi. Riƙe wannan, zai yi maka amfani a gaba.

An haife shi a watan Janairun 1978 a garin Oryol, kudu da Moscow, wato ya taso ne daidai lokacin da Tarayyar Sobiyet take rugujewa, makarantun wasanni na gwamnati da suka fitar da gwanayen keke irinsu Viatcheslav Ekimov duk sun shiga wani hali, yaron da yake son ya ci abinci da keke dole ya tattara ya nufi yamma. Yawancin 'yan Rasha Italiya suke tafiya, shi kuwa Sifen ya faɗa, ya zama ƙwararre a 2000 a ƙungiyar Banesto, ya zauna a Pamplona. Wannan ba ƙaramin abu bane a fahimtar mutumin, don Banesto gidan Miguel Indurain ne wanda ya ci Tour sau biyar a jere daga 1991 zuwa 1995, gidan José Miguel Echavarri da Eusebio Unzué, ita ce dai ƙungiyar da yau ake kira Movistar. Karatun gidan nan ɗaya ne, ka ci riba ranar agogo, a kan dutse kuma kar ka yi gaggawa, ka bi a hankali ka tsare abinda ka tara. Menchov ya haddace karatun nan tsaf, har ya bar keke bai sake shi ba.

Da wuri aka gane akwai kaya. A 2001 ya ci Tour de l'Avenir, tseren matasa da ake auna waɗanda zasu zama manya da shi, a 2003 ya gama Tour a na 11 ya tafi da farar riga ta gwarzon matashi, a 2004 ya ci tseren yankin Basque wanda duk ɗan keke ya san ba wasan yara bane, sati guda na hawa da gangara cikin ruwan sama. Daga nan ƙungiyar Rabobank ta Holan, wadda wani banki mai wannan sunan yake ɗaukar nauyinta, ta ɗauke shi a 2005 don ya zama jagoranta.

To a nan ne amsar uku ko biyu ɗinka take. Vuelta ta 2005 ya shigo da ƙarfinsa, ya ci tseren agogo na ranar farko a Granada, ya sake cin na Lloret de Mar, ya saka rigar zinare ta wanda ke kan gaba a tseren (lokacin ba'a koma ja ba tukuna), kuma Roberto Heras wanda ya riga ya ci Vuelta sau uku ya yi ta kai masa hari a duwatsu ya kasa yakice shi. Sai zango na 15, hanyar Pajares a yankin Asturias, ranar ana ruwa ga sanyi. Manajan su Heras, Manolo Saiz, tun da safe ya tura yaransa suka shiga cikin waɗanda suka ɓalle gaba, kowa yana ganin neman cin zango suke, ashe tarko ne. Da aka zo gangaren wani dutse da ake kira Colladiella, hanya siririya ga santsi, sai Heras ya saki birki ya gangara kamar wanda baya son ransa, Menchov ya ɗan ja baya don tsoron faɗuwa, yana saukowa ƙasa ya tarar yaran Heras sun tsaya sun jira maigidansu sun ɗauke shi sun yi gaba, shi kuma ya waiga babu ko mutum ɗaya na Rabobank a tare da shi. Haka ya yi ta bi shi kaɗai cikin kwari yana shan iska, ya rasa fiye da minti biyar a yini ɗaya. Aka je Madrid Heras na ɗaya, shi na biyu da tazarar minti 4 da daƙiƙa 36.

Bayan 'yan watanni sai ga labari, gwajin Heras na zango na 20 ya nuna EPO, maganin nan mai ƙara jajayen ƙwayoyin jini, aka ƙwace aka ba Menchov. Ka duba fa, nasararsa ta farko a babban tsere a takarda ta zo masa, babu taron Madrid babu tafi babu hoton da za'a riƙa nunawa. Kuma tsugune bata ƙare ba, Heras ya tafi kotu yana ƙalubalantar yadda aka riƙe samfurin gwajin, wata kotu a Sifen ta bashi gaskiya a 2011, kotun ƙoli ta tabbatar a ƙarshen 2012, aka mayar masa da kofinsa. Shi yasa tsofaffin rubuce-rubuce zaka ga uku, na yanzu kuma biyu. Shekara kusan bakwai ana kiransa zakaran 2005 sannan aka ce ba shi bane.

A 2006 ya ci zango mai kyau a Tour, a Pla de Beret cikin duwatsun Pyrenees, ya doke Leipheimer da Landis a bakin layi. 2007 kuwa ita ce shekarar da ta fi nuna min wane irin mutum ne. Ya je Tour a matsayin jagora, sai abokin aikinsa Michael Rasmussen ɗan Denmark ya fi shi ƙafa ya saka riga mai ruwan ɗorawa ta wanda ke kan gaba a Tour, Menchov bai yi gardama ba, ya sauke girman kai ya koma ɗan ja, kullum zaka ganshi a gaba yana yi wa Rasmussen aiki. Saura kwana huɗu a shiga Paris, Rasmussen na kan gaba, ƙungiyar da kanta ta kore shi saboda ƙaryar da ya yi kan inda yake lokacin da masu gwaji suke nemansa, ya ce yana Mexico alhali an ganshi a Italiya. Washegari Menchov ya hau keke ya yi tafiya kaɗan, ya tsaya a gefen hanya ya sauka ya shige mota. Duk wahalar sati biyu da rabi ta tashi a banza.

Bayan sati biyar ko shida ya bayyana a Vuelta, wannan karon kuma bai bar wa kotu komai ba. Ya karɓi rigar a zango na 9, washegari ya ci zangon Arcalís a Andorra, daga nan ya rufe ƙofa. Carlos Sastre ya yi iya yinsa, ya kai hari ya sake kaiwa, aka je Madrid Menchov na gabansa da minti 3 da daƙiƙa 31, Samuel Sánchez na uku, har rigar gwanin duwatsu shi ya haɗa da ita. Amma ka san me jaridun Sifen suka fi yi? Ƙorafi cewa tseren ya yi sanyi, babu armashi. Mutum ya yi aikinsa ba kuskure ko ɗaya sai aka ce ya kashe wasa.

Yanzu bari in zo kan Giro ta 2009, don in ba don ita ba da ban zauna ina rubuta maka wannan dogon bayanin ba. Shekarar Giro ta cika ɗari da farawa, aka tashi daga Venice za'a ƙare a birnin Rum, kuma duk kyamarorin duniya ba Menchov suka zo kallo ba, Lance Armstrong ne ya dawo daga ritaya ya shiga Giro karo na farko a rayuwarsa, ga Ivan Basso ya dawo daga dakatarwa, ga Sastre mai riƙe da kofin Tour, ga Danilo Di Luca ɗan gida wanda ya ci 2007. Menchov ya ci zango na 5 a kan Alpe di Siusi, mutane suka ce to. Sai zango na 12, tseren agogo na kilomita 60 da ɗoriya a gaɓar tekun Cinque Terre, hanya duk kwana da hawa da gangara har yawancinsu suka ajiye kekunan agogo suka hau na yau da kullum, ya yi sama da awa ɗaya da rabi shi kaɗai yana murzawa, ya ci zangon ya cire wa Di Luca riga mai ruwan hoda ta wanda ke kan gaba a Giro.

Abinda ya biyo baya kusan kwana goma shine Menchov a taƙaice. Di Luca mutum ne mai zafi, kullum sai ya kai hari, a Monte Petrano, a Blockhaus wanda yake yankinsu na Abruzzo inda jama'a suka cika dutse suna ihun sunansa, a kan dutsen Vesuvius, ya miƙe tsaye kan feda ya fizga, in ya waiga sai ya ga mutumin nan manne da tayarsa ta baya kamar kaska, baki a ɗan buɗe, fuska ba alamar komai, ko tashi daga kan sirdi bai cika yi ba. Di Luca ya riƙa tsintar daƙiƙoƙin garaɓasa da ake rage wa waɗanda suka fara shiga layi yana rage tazara kaɗan-kaɗan, har aka zo ranar ƙarshe saura daƙiƙa 20 tsakaninsu. Kilomita sama da dubu uku, daƙiƙa 20.

Ranar 31 ga Mayu, tseren agogo na kilomita 14 da ɗan ɗori cikin tsakiyar Rum, kan tsofaffin duwatsun daɓe. Ina zaune gaban talabijin, janareto na ƙara a waje, shayina ya huce ban sani ba. Di Luca ya fita da wuta, a ma'auni na farko har ya ɗan shiga gaba, sannan Menchov ya dawo ya wuce shi, kowa ya ce an gama. Sai yayyafi ya sauko. Saura ƙasa da kilomita ɗaya, kusa da Colosseum, a miƙaƙƙiyar hanya ba ma a kwana ba, tayar gaba ta zame, sai ga riga mai ruwan hoda a ƙasa tana sulɓewa kan duwatsu, keken ya yi gaba shi yana binsa a kwance yana miƙa hannu yana son ya kamo shi. Na miƙe tsaye ina salati. Kafin ya gama tashi makanikensa ya riga ya diro daga mota da wani keken a hannu, ya ɗora shi ya tura shi da gudu, duk abin bai fi 'yan daƙiƙoƙi ba. Ya shiga layi, aka duba agogo, duk da faɗuwar ya fi Di Luca sauri a ranar, ya ci Giro da daƙiƙa 41.

Abinda ya yi bayan ya tsallake layin ne ban taɓa mantawa ba. Mutumin da shekara tara ana kallonsa ba'a taɓa ganin haƙoransa ba, ya dunƙule hannu yana kurma ihu jijiyoyin wuya duk sun tashi, ya rungume makaniken nan kamar zai karya shi. A ranar na gane shirun nan nasa ba rashin zuciya bane, dannewa yake yi.

To ka ga wannan ai ya isa ya sa sunan mutum ya zauna. Me ya hana?

Na farko dai Tour. Duk wanda baya bin keke sosai tsere ɗaya ya sani, na Faransa, kamar yadda wanda baya kallon ƙwallo ya san kofin duniya amma bai san sauran ba. Menchov kuwa bai ci Tour ba, kai ko kwana ɗaya bai taɓa saka riga mai ruwan ɗorawa ba. 2008 ce damarsa mafi kyau, babu Contador babu Armstrong, amma ya yi sakaci a zango na 3 iska ta raba ayari ya tsinci kansa a baya ya zubar da daƙiƙoƙi a banza, a Prato Nevoso kuma, rana ɗaya da ya ce bari ya kai hari da kansa, yana fizga ya zame a kwana ya faɗi. Ya gama na huɗu, minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi bayan Sastre, daga baya aka kama Bernhard Kohl na uku da magani aka matsar da shi sama, nan ma a takarda. A 2010 ya hau mumbarin Paris da ƙafarsa, na uku, bayan ya ƙwace matsayin daga Samuel Sánchez a tseren agogo na Pauillac, amma a shekarar duniya gaba ɗaya rigimar Contador da Andy Schleck take kallo da maganar sarƙar keken Schleck da ta zame, wa yake ta na uku. Da aka ƙwace kofin Contador a 2012 saboda magani ya koma na biyu.

Kwatanta shi da Thomas Voeckler na Faransa. Voeckler bai taɓa cin babban tsere ko ɗaya ba, a ƙarfin ƙafa bai kama ƙafar Menchov ba, amma ya saka rigar ɗorawa kwana goma a 2004 ya sake kwana goma a 2011, yana zaro harshe yana yamutsa fuska yana mutuwa yana dawowa a gaban kyamara, yau ka tambayi masu kallon keke goma, tara sun san Voeckler kuma zasu baka labarinsa da murmushi. Ko Vinokourov, wanda mutane da yawa suke ɗauka ɗan Rasha ne alhali ɗan Kazakhstan ne, babban tsere ɗaya ya ci, Vuelta ta 2006, amma saboda shi kullum cikin kai hari yake ko da dalili ko babu, sunansa ya ninka na Menchov. Masu kallo wanda ya tashi ƙura suke tunawa. Shi kuwa salonsa na bi-a-hankali ne, har Turawa suka laƙaba masa suna mai ma'anar mai kisa cikin shiru, mu da Hausa sai mu ce macijin ƙaiƙayi. Ni ina ganin kyan wannan salon, don sai wanda ya taɓa hawa dutse a keke ya san azabar da ke cikin bin tayar mutumin da yake fizga yana sassautawa, amma na yarda ba abinda talabijin take so bane.

Ga kuma rashin magana. Ɗan jarida zai miƙa masa makirufo bayan zango mai zafi ya bashi jimla biyu da Sifaniyanci a hankali ya wuce mota. Baya zagin kowa, baya cika baki, baya kuka a gaban kyamara. 'Yan jarida kuma labari suke nema, in basu samu a wajenka ba sai su koma wajen mai bayarwa.

Sannan babu ƙasar da ta rungume shi ta ce nata ne, wannan a ganina ya fi komai yi masa illa. A Italiya ko Beljiyam ko Faransa ɗan keke sarki ne, a Rasha kuwa ƙwallo da hokin ƙanƙara da tanis su ne a gaba, zamanin Sharapova ne da Safin da Isinbayeva. Ka tuna 'yan makonni kacal kafin Giro ta 2009 ɗin nan ɗan ƙwallon Rasha Arshavin ya zura wa Liverpool ƙwallo huɗu a Anfield, har a nan gidajen kallonmu babu wanda bai san Arshavin ba, to haka abin yake a can ma. A Sifen inda yake zaune baƙo ne mai hana 'yan gida cin Vuelta. A Holan kuma, duk da shi ya kawo wa Rabobank manyan kofunan da bata taɓa samu ba kafinsa, zuciyar magoya baya tana wajen 'ya'yansu, Michael Boogerd da farko, daga baya Robert Gesink, shi ma'aikaci ne da aka ɗauko haya. Ƙarshen 2010 suka rabu, ya koma Geox tare da Sastre, sai masu shirya Tour suka ƙi gayyatar ƙungiyar a 2011, mutumin da ya hau mumbari bara ya zauna a gida yana kallo. A Vuelta ta shekarar ma abokin aikinsa Juan José Cobo ne ya ci, shi ya taya shi aiki, itama daga baya aka ƙwace aka ba Chris Froome. Sai a 2012 ya shiga Katusha, ƙungiyar ƙasarsa, yana da shekara 34 ƙarfi ya fara ja baya, kuma a can ma Joaquim Rodríguez ɗan Sifen ne tauraro. Duk da haka ya ci gasar agogo ta Rasha, ya kuma ci zangon Bola del Mundo a Vuelta, wani hawa na kankare mai tsananin tsayi a bayan Madrid, ya bar Richie Porte a mitocin ƙarshe. Wannan ce babbar nasararsa ta ƙarshe.

In ka sa shi a layin 'yan ƙasarsa kuwa, a tseren sati uku babu ɗan Rasha da ya kai shi. Evgeni Berzin ya ci Giro a 1994, ya doke Pantani da Indurain, amma ya haska ne ya mutu kamar ashana. Pavel Tonkov ya ci ta 1996, kuma abin tausayi an fi tuna shi a matsayin wanda Pantani ya yakice a Montecampione a 1998. Viatcheslav Ekimov yana da zinaren Olympics kuma ya gama Tour sau 15, amma yawancin rayuwarsa aikin wasu ya yi, musamman Armstrong. Menchov ne kaɗai ya ci biyu daban-daban. Tun bayansa kuma babu wanda ya sake ci, Ilnur Zakarin ya kai na uku a Vuelta ta 2017, a 2022 kuma bayan ɓarkewar yaƙin Ukraine hukumar keke ta duniya UCI ta hana ƙungiyoyin Rasha da tutarta shiga gasa, Aleksandr Vlasov ya koma tsere ba tuta, Pavel Sivakov ya koma ɗan Faransa. Wato ko masu tasowa da zasu riƙa ambatonsa a matsayin wanda suka gada babu su sosai.

Saura magana mai ɗaci, kuma bazan ɓoye maka ita ba don ina sonsa. A watan Mayun 2013 ya sanar ya bar keke, ya ce gwiwa ce ta dame shi. Muka yi masa fatan alheri. Sai a watan Yulin 2014, ana tsakiyar Tour, aka tsinci sunansa a cikin wani jerin waɗanda aka hukunta da UCI ta saka a shafinta na intanet ba tare da wata sanarwa ba, dakatarwar shekara biyu har zuwa Afrilun 2015, an kuma soke sakamakonsa na Tour na 2009 da 2010 da 2012. Ba'a kama wani magani a fitsarinsa ba, fasfon jini ne ya kama shi, tsarin da aka fara a 2008 inda ake ɗibar jinin ɗan tsere lokaci-lokaci ana ajiye alƙaluman, in suka riƙa hawa da sauka ta yadda jikin mutum baya yi da kansa sai masana su ce an taɓa jinin nan. Dama tun kafin nan sunansa ya fito a binciken wani wurin ɗibar jini a Vienna, ya musanta, kuma Rasmussen da Boogerd duk sun fito a 2013 sun amsa da bakinsu cewa sun yi amfani da magani a shekarunsu na Rabobank, bankin ma ya janye daga ɗaukar nauyin ƙungiyar a ƙarshen 2012. Shi Menchov bai fito ya yi dogon bayani ba, bai rubuta littafi ba, bai zauna gaban kyamara ya nemi gafara ko ya kare kansa ba, yadda ya yi tseren haka ya karɓi hukuncin.

Abin ya yi min ciwo sosai, na kwana biyu ina juya shi. Kuma har yau akwai abinda yake damuna a hukuncin, an soke Tour ɗin watan Yulin 2009 amma an bar masa Giro ɗin watan Mayun shekarar, sati biyar ne fa tsakaninsu. Masu son keke da yawa daga nan suka daina sanin yadda zasu yi da sunansa, ba'a yabe shi da zuciya ɗaya ba, ba'a kuma tsine masa kamar Armstrong ba tunda shi bai taɓa tsoratar da kowa ko ya ɓata wa wani rayuwa a bainar jama'a ba, sai kawai aka daina maganarsa. Contador ma an dakatar da shi, amma ya dawo ya ci Vuelta da Giro ya yi bankwana da hari a kan dutsen Angliru a Vuelta ta 2017 jama'a na kuka, ya samu damar sake rubuta ƙarshen labarinsa. Menchov hukuncinsa ya fito ne bayan ya riga ya tafi.

In ka samu data ka nemi bidiyon kilomita na ƙarshe na Rum ɗin nan, ka kalli hannunsa lokacin da yake sulɓewa yana neman keken, ka kalli makaniken. Daga nan ka nemi hoton mumbarin ranar, mutum uku ne a tsaye da Colosseum a bayansu. Di Luca na biyu an same shi da CERA, wani nau'in EPO, a gwajin da aka yi masa cikin wannan Giro ɗin aka soke shi, Franco Pellizotti na uku shima fasfon jini ya kama shi aka soke nasa, na tsakiyar mai riga ruwan hoda shi kaɗai ne har yau sunansa yake a wurin.